Zakin Lewis da Zakin Tatsuniya

A tsakanin 1950 da 1956 C. S. Lewis, malami a ƙasar Ingila, ya fitar da littattafai 7 na Narnia domin yara. A cikin na farkon, zaki Aslan ya ba da ransa fansa ga yaro Edmund wanda ya ci amanar 'yan'uwansa, sa'an nan ya tashi daga matattu. Ba a ambaci sunan Almasihu ba, amma yaro ya ɗanɗana ma'anar fansa tun kafin a yi masa wa'azinta.

Wanda zai kawo wannan dabara ƙasar Hausa, abu biyu za su tare shi. Na ɗaya, yaron Batsari ko Safana, da ya tashi a bakin dajin Rugu, ya san zaki sarkin dawa ne, amma a tatsuniya kullum Gizo yana yi masa wayo. Sarkin da ake ruɗa ba zai zama misalin Mai Ceto ba. Na biyu, tatsuniya da kanta takan shaida ƙarya ce in an zo ƙurunƙus, alhali mai bi yana riƙe da Linjila a kan gaskiya.

Maganin yana wurin Abubakar Imam. A Magana Jari Ce, 1937, ya ɗauko labarun baƙi ya sa musu rigar Hausa. Littafi Mai Tsarki ya samu da Hausa tun 1932. Marubucin yara kuwa lalle ya nemi misali daga gida, kamar makiyayi da garkensa, wanda kowane yaro ya gani da idonsa.