Turaren da Ya Tsima: Nazarin Ƙamshi a Sanyin Jos

Jos na zaune a kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200 sama da teku, kuma wannan tsawo yana da hannu a yadda turare ke tashi a jikin mutum. A Sakkwato ko Maiduguri zafi ne ke buɗe turare, ya baza shi nan take, ya kuma cinye shi da wuri. A Jos kuwa, musamman a Disamba da Janairu, sanyi kan danne ƙamshi, busasshiyar fatar hunturu kuma ba ta riƙe turaren fesawa. Mai nauyi ne ke kaiwa yamma: na mai, da na hayaƙin da ya kama zare.

Shi ya sa humra da turaren wuta suka samu gindin zama a gidajen Gangare da Unguwar Rogo, duk da cewa gwanayen sana'ar matan Barebari da Shuwa ne na Borno. Dubi yadda ake haɗa baƙar humra. Farce, wato murfin wani dodon koɗi na teku, yana zuwa da ƙarni. Sai an kankare shi, an wanke, an soya har ya yi ƙaus, sannan a daka. A zuba shi a kwalba tare da garin sandal da almiski da turaruka kala-kala, a toshe, a ajiye makonni. Wadda ta buɗe a ranar farko hayaniya kawai za ta ji. Jira ne ke sulhunta kayan har su zama murya ɗaya. Farce shi kaɗai ba abin so ba ne, amma shi ke ɗaure sauran kada su gudu.

A cikin irin wannan haɗi akan samu tsohon hannu, Bint El Sudan. Kamfanin W. J. Bush na Landan ne ya fito da shi a 1920, bayan wakilinsa Eric Burgess ya samo samfurin a Sudan, kuma yau a Kano ake ɗura shi. Turaren mai ne, babu sinadarin giya a ciki, abin da ya sa ya shiga masallaci da lefe ba tare da tantama ba. Ya girmi Chanel No. 5 na 1921 da Shalimar na 1925, waɗanda masu tara tsofaffin turaruka a Turai ke farautar kwalabensu na da. Dalilin farautar shi ne haɗin ya canza: an taƙaita wasu kayan saboda lafiyar fata, an maye jibda ta gaske da ta sinadari. Ita kuwa jibdar nan, kakanninmu sun san ta tun ana kiwon tunkun jibda a ƙasar Hausa ana kwasar ta. Ashe abin da ƙananan gidajen turare na Faransa ke sayarwa da tsada, wato haɗi kaɗan-kaɗan, kaya masu wuyar samu, ƙamshi mai ɗan duhu, shi ne aikin da Hajiya mai haɗa humra ke yi a ƙuryar ɗakinta.

Inda gizo ke saƙar shi ne hancin mai saye. Tsaya gaban teburin mai turare a bakin Masallacin Juma'a, ko a titunan Taminus inda 'yan kasuwa suka bazu tun gobarar babbar kasuwa a 2002. Zai goga maka a bayan hannu, ka shinshina, ka tambaya: “Malam, yana kama jiki?” Tambayar ke nan ɗaya tilo, ƙarfi da daɗewa. To, turare mai zurfi hawa-hawa yake: na sama ya tashi cikin mintuna, na tsakiya ya biyo, na ƙasa, su sandal da ambar da almiski, sai bayan sa'o'i yake bayyana. Wanda ya yanke hukunci a minti ɗaya kwaikwayo zai zaɓa, don shi aka ƙera domin ya burge a shaƙar farko.

Ita ma al'adar tana da nata laifi. Masu haɗi kan ɓoye ma'auni, ba sa rubutawa, sai tsohuwa ta rasu da sirrinta. Kwalabe ba su da bayanin abin da ke ciki, mai asma ko mai ƙaiƙayin fata bai san me zai guje wa ba. Ga kaskon garwashi a ɗakin da aka rufe ruf saboda sanyi, wanda iskarsa kan yi kisa ba tare da wari ba. Turara tufafi a kan kabbasa da turara ɗaki suna son taga a buɗe.

Gyaran ba shi da tsada. Mai haɗi ta rubuta ma'auninta da ranar da ta toshe kwalba. Mai saye kuma ya karɓi gogawar, ya tafi harkarsa, ya sake shinshinar hannunsa bayan la'asar kafin ya ciro kuɗi.