Faifan Illmatic na Nas: Dalilan Ɗorewarsa da Darasinsa ga Mawaƙanmu

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba abin da ya sa wani faifan waƙa yake ɗorewa bayan tsararrakinsa sun shuɗe. Na zaɓi faifan Illmatic na mawaƙin Amurka Nasir Jones, wanda aka fi sani da Nas. Abin da ya ja hankalina shi ne, a unguwarmu ta Malali a Kaduna nakan ji samarin da ba a ma haife su ba lokacin da faifan ya fito suna kafa hujja da shi idan gardama ta kaure a kan waƙar hip-hop, wato waƙar nan da ake furtawa da sauri bisa kiɗa, mai kama da ta 'yan gambara.

2.0 Faifan da Mai Shi

Kamfanin Columbia ya fitar da faifan ranar 19 ga Afrilu, 1994, Nas yana ɗan shekara 20. Shi ne faifansa na farko. Waƙoƙi 10 ne a ciki, tsawonsu duka bai cika minti 40 ba. Nas ya tashi ne a Queensbridge, wata unguwa ta gidajen gwamnati da aka gina wa talakawa a birnin New York, kuma bai gama sakandare ba. Da farko faifan bai yi kasuwa sosai ba, sai a 2001 cinikinsa ya kai miliyan ɗaya. Amma a 2013 Jami'ar Harvard ta kafa gurbin bincike da sunan Nas, a 2021 kuma Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa faifan cikin jerin sautukan da ƙasa za ta adana.

3.0 Dalilan Ɗorewa

A ganina dalilai uku ne. Na farko, jigo. Nas ya tsaya a unguwa ɗaya, ya zayyana matakalar bene, da bencin da samari ke zama, da 'yan sanda, da abokan da aka kashe ko aka ɗaure. Alal misali, waƙar One Love wasiƙa ce zuwa ga abokai da ke kurkuku, ana ba su labarin gida. Ko bangon faifan hoton Nas ne yana yaro, an ɗora shi bisa hoton unguwar. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin da ita Ɗanmaraya Jos ya ɗauki karen mota, mutumin da ba a kallo sau biyu, ya mai da shi abin waƙa da kuntigi.

Na biyu, salo. Kafin Nas, Rakim ya buɗe hanyar sa amsa-amo a cikin layi maimakon ƙarshensa kaɗai. Nas ya faɗaɗa wannan, yana saƙa amsa-amon ciki mai gaɓa biyu ko uku ba tare da labarin ya karye ba.

Na uku, taƙaitawa. Gwanayen kiɗa irin su DJ Premier da Pete Rock da Large Professor da Q-Tip duk sun sa hannu, mahaifinsa Olu Dara ya busa ƙaho a waƙa ɗaya, amma ba a cusa abin da bai kamata ba. Da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara.

4.0 Inda Ya Gaza

Mai nazari ba maroƙi ba ne, saboda haka dole a faɗi aibi. Mata ba su da murya a faifan, inda aka ambace su ma sau da yawa ba da mutunci ba. Haka kuma tsakanin bayyana ta'asar bindiga da ƙwaya da ƙawata su akwai siririn zare, kuma ba kullum Nas ya tsaya a gefen da ya dace ba. Sa'an nan al'adar tara makaɗa da yawa a faifai ɗaya, wadda ya taimaka wajen yaɗawa, ta haifar da faifai masu kama da kayan koli a hannun waɗanda ba su da jigon da zai ɗaure su. Shi kansa Nas, duk abin da ya yi daga baya da wannan faifan aka riƙa auna shi.

5.0 Darasi ga Mawaƙanmu

To, me ya shafe mu? Malali ma tana da gidajen gwamnati da ake kira Lokos, tana da Kwalejin Gwamnatin Tarayya, tana da 'ya'yan ma'aikatan da suka yi ritaya, masu takardar digiri ba aiki. Kaduna kuma ta fitar da mawaƙa irin su DJ AB waɗanda suka nuna cewa Hausa tana ɗaukar wannan kiɗa. Sai dai yawancin samarin da nake saurara sun ɗauko hula da tafiyar Amurka, da kirarin kai da zambo, sun bar ainihin gadon, wato mutum ya dubi ƙofar gidansu ya faɗi abin da ya gani. Wanda ya waƙe layin famfo da ɗaukewar wuta da jiran fansho ya fi kusa da Nas a kan wanda ya waƙe motar da bai taɓa hawa ba.

Mu malamai ma akwai namu laifin. Faifan Nas ya ɗore har da taimakon masu nazari da masu adanawa. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Girgiza Kai ta Nazir Hausawa, wanda ake kira Ziriums. Waƙar ta yi ta yawo daga waya zuwa waya. Yau idan ɗalibi ya nemi ya nazarce ta, wane laburare za mu tura shi?

6.0 Kammalawa

A taƙaice, Illmatic ya ɗore ne domin ya riƙe unguwa ɗaya da gaskiya, da gwanintar harshe, cikin ɗan lokaci. Shawarata ita ce sassan Hausa na kwalejoji da jami'o'i su fara tattara waɗannan waƙoƙi, a rubuta su, a auna su da ma'aunin jigo da salo da zubi da tsari, kamar yadda aka yi wa Shata da Narambaɗa. Wanda ya cancanta a yaba masa, wanda ya gaza a nuna masa. Allah ya sa mu dace, amin.