Sarkin da Ya Farauci Kansa: Bitar Zubin Wasan Edifus

Kafin ɗan wasa na farko ya taka dandamali a wasan Sarki Edifus, duk wata masifa ta riga ta auku. Edifus ya kashe mahaifinsa Layus shekaru da dama da suka wuce, ya auri mahaifiyarsa Jokasta, har sun haifi 'ya'ya huɗu, shi kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba. Sofokilis, wanda ya rubuta wasan a birnin Atina na ƙasar Girka wajajen shekara ta 429 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bai nuna mana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya ɗauki yini guda, ya tsayar da mu a ƙofar fada, ya ɗora wasan kacokan a kan tambaya ɗaya: wa ya kashe Layus?

Annoba ta addabi birnin Tibis, inda Edifus ke sarauta. Kiriyon, ɗan'uwan sarauniya Jokasta, ya dawo daga wurin bauta na Delfi da saƙon cewa sai an fitar da makashin tsohon sarki Layus kafin gari ya samu lafiya. Edifus ya tsine wa mai laifin a bainar jama'a, ya ɗauki alwashin zaƙulo shi. Ko da makahon boka Tiresiyas ya faɗa masa gaskiya ƙiri-ƙiri tun da wuri, fushi ya toshe masa kunne, ya ɗauka makirci ake ƙulla masa.

Inda wasan ya fi kama ni shi ne yadda duk wanda ya zo kwantar wa sarki hankali, shi ke ƙara tura shi bakin rami. Jokasta ta so ta nuna masa duba ƙarya ne, sai ta ce ai an yi wa Layus duba cewa ɗansa zai kashe shi, amma 'yan fashi suka kashe shi a mahaɗar hanyoyi uku. Wannan mahaɗar da ta ambata don lallashi ita ta kaɗa masa hanji, domin ya tuna ya taɓa kashe wani dattijo a irin wurin. Sai ga manzo daga Korinti da labarin rasuwar Folibus, wanda Edifus ke ɗauka ubansa ne. Da manzon ya ga har yanzu yana tsoron komawa Korinti saboda matar Folibus da yake ɗauka uwarsa ce, domin an yi masa duba cewa zai auri uwarsa, sai ya ce ya saki ransa, ai ba su suka haife shi ba, shi da hannunsa ya karɓo shi yana jariri daga wani makiyayin Layus a dutsen Sitaron. Bawan Allah, a zatonsa albishir ya kawo. Jokasta ta gane kafin mijinta, ta roƙe shi ya bar binciken, ya ƙi, ta shige ciki ba ta sake fitowa ba.

Aristotal ya yaba wa wannan wuri a littafinsa kan fasahar waƙa da wasa, saboda juyewar al'amari da gane gaskiya sun faɗo lokaci guda, kuma daga cikin labarin suka tsiro.

Akwai inda mai ƙorafi zai tsaya. Makiyayin da ya ba da jaririn shi ne kuma kaɗai ya tsira ranar kisan, wannan dacewa ta yi yawa. Ni dai ba ta dame ni ba, domin ita ta sa tambayoyi biyu, wa ya yi kisan da kuma ɗan wane ne Edifus, suka haɗu a bakin tsoho ɗaya mai rawar jiki.

Mutuwar Jokasta da tsokale idanun da Edifus ya yi da allurar tufafinta duk a bayan fage suka faru, wani bawan fada ne ya ba da labari. Ƙarfin wannan zubi ne ya sa Ola Rotimi ya iya ɗauke shi ya dasa a ƙasar Yarbawa a wasansa The Gods Are Not to Blame na 1968, ya sauya sunaye da al'adu, ginshiƙan labarin kuwa ya bar su yadda ya same su.