Masallacin Yama: mu duba aikin magini

Ƴan'uwa masu karatun manya, in aka ce wurin tarihi, hankalin mutane yakan tafi Agadas ko Damagaram, ko babbar gadar Kennedy ta Yamai da aka buɗe a 1970. To, akwai wani gini cikin jihar Tawa da ya isa mutum ya ɗaura niyya ya je ya gani. Shi ne masallacin Juma'a na Yama, wani ƙauye cikin ƙasar Illela. Wanda ya tsara shi manomi ne kamar ku, kuma magini. Sunansa Alhaji Falke Barmu.

An soma aikin a 1962. Ginin farko ɗaki ne babba mai kusurwa huɗu, da ginshiƙai a ciki, da wurin tsayuwar liman wajen gabas. Gayya aka yi. Wasu suka buga tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka kawo itace, kowa da gwargwadon ƙarfinsa. A 1975 magini ya sake rufin, ya ɗora shi bisa bakan gizo, ya yi tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya tada hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Shekara 20 ke nan daga fari zuwa ƙarshe. A 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan, wadda ake bayarwa kowace shekara uku ga gine-gine masu kyau na ƙasashen musulmi.

Kyauta dai an ba shi. Amma mu ma muna da ido, kuma mun san laka. Bari mu duba da kanmu.

Abin da baƙo yake fara gani shi ne hasumiyoyin. Ba ɗaya da ta yi kama da ƴar'uwarta. Kowace tana da faɗi a gindi, tana tsukewa in ta yi sama, amma adon kowace daban ne. Wanda ya saba da ginin siminti zai ce magini ya rasa ma'auni. Ni ban yarda da wannan magana ba. Mutumin da ya iya ɗora tulluwa bisa laka ta zauna, ya san awo sarai. Da gangan ya bambanta su. Ku dubi matan da ke sassaƙa zane a ƙwarya: hannu ɗaya ne, wuƙa ɗaya ce, amma ba a samun ƙwarya biyu iri ɗaya, kuma ba mai cewa aikin ya ɓaci. Injin ne ke fitar da abu dubu kamar an tsaga kara.

Duk da haka, a ganina gwanintar gaske tana ciki. Bakan gizo shi ne lanƙwasar nan da ke tashi daga ginshiƙi ta haɗu da ƴar'uwarta a sama. Ƙashinsa itace ne, namansa laka. Amfaninsa, yana ba ɗaki faɗi ko da ba a sami dogon itace ba. Wannan dabara tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Da ita Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya tun zamanin sarakunan farko na bayan jihadi. Falke Barmu ya ɗauki dabarar manyan birane ya kawo ta ƙauye, da kayan da ke bakin gona. Ga kuma sanyi. Bango mai kauri na laka yana tsare zafin rana. Duk wanda ya taɓa yin sallar azahar cikin watan bazara ƙarƙashin rufin kwano ya san abin da nike nufi.

Yanzu ga inda nike da magana. Ado bisa hasumiya shi ruwa ke fara duka. Kowane ɗan tsini, kowane ɗan lungu da magini ya ƙawata, wuri ne da damana za ta ci. Ginin laka yana son yaɓe, kamar yadda gona ke son noma. Saboda haka wanda ya yawaita ado ya bar wa na baya bashi mai yawa. In samarin gari sun tafi cin rani, wa zai hau? Nan ne nike ganin magina na Agadas sun yi nisan tunani. Hasumiyar masallacinsu, da aka gina wajen 1515 aka sake ta a 1844, tsawonta mita 27. Adonta kaɗan ne. Itatuwan da suka fito jikinta kamar ƙaya su ne matakan mai yaɓe. Mai ginin ya tuna da mai gyara. Wajen daɗin kallo Yama ta fi burge ni, amma wajen sauƙin riƙo Agadas ce gaba.

Kada wani ya ce tsoro ne na banza. A watan Satumba na 2024 ruwa mai yawa ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram. Ya wuce shekara 170 yana tsaye, ya faɗi a damana ɗaya.

In irin wannan ya faru, sai ka ji masu kuɗi suna cewa a shafe sauran da siminti a huta. Wannan shawara tana da daɗin ji, amma magina sun san ƙarshenta. Siminti ba ya kama laka da kyau. In ya tsage, ruwa ya shiga bayansa, ba ya samun hanyar bushewa, sai bangon ya jiƙe daga ciki mutane ba su sani ba. Ranar da ɓawon zai faɗo, da naman bangon yake tafiya. Yaɓen laka da makuba, da gyaran indararo kafin ruwan fari, sun fi shi amfani nesa.

Wasu kuma su ce a rushe tsohon a yi sabo babba, tunda jama'a ta ƙaru. Mutanen Ɗandaji, nan cikin jihar Tawa, sun bi wata hanya. An gyara tsohon masallacinsu na laka aka mai da shi ɗakin littattafai, aka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse. Mariam Kamara, ƴar Nijar, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka tsara aikin, aka gama a 2018. Mu masu koyar da karatu, wannan ya yi mana daɗi ƙwarai.

In Allah ya kai ku Yama bayan girbi, ku tuna wurin salla ne. Ku nemi izini wajen liman, ku tuɓe takalmi. Kada ku tsaya a waje kuna ɗaukar hoton hasumiya kawai. Ku shiga ku ɗaga kai ku ƙirga bakan gizo. Ku fito ku duba gindin bango, ku ga inda ruwan indararo ke zuba. Sa'an nan ku tambayi dattawa yaushe aka yi yaɓe na ƙarshe, da sunayen waɗanda suka hau. Tunda yanzu kun iya riƙe alƙalami, ku rubuta amsar cikin littafinku, ku kawo mu karanta a aji.