Matan Leek da Ƙyallen Bayeux

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane, maza da mata, waɗanda su kan ajiye keken ɗinki su ɗauki allura, su zauna suna ɗinka irin kayan da kakanninsu suka yi amfani da su shekara 600 ko 900 da suka wuce. Wani jakar kuɗi ya ke yi irin wadda a ke ratayawa a ɗamara, wani hula, wani kuwa ɗamarar kanta, a bi ta da aikin zare. Abin da su ke nema duka ɗaya ne, watau aikin ya fito kamar na mutanen dā. Wannan sha'awa ta daɗe. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan da ta haifa shi ne wanda waɗansu matan garin Leek, a ƙasar Ingila, suka gama a shekarar 1886. Ya cancanci a dube shi da kyau, gama abin yabo da abin zargi na masu kwaikwayon tsohon ɗinki duk sun taru a cikinsa.

Abin da matan nan suka kwaikwaya wani dogon ƙyalle ne na lilin da ke ajiye a garin Bayeux, a yankin Nomandi na ƙasar Faransa. Tsawonsa ya kai wajen yadi 75, faɗinsa kuwa inci 20 kurum. A kansa aka ɗinka, da zaren ulu, labarin yadda Wiliyam, mai mulkin Nomandi, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi, aka kashe Sarki Harold a fagen Hastings ran 14 ga Oktoba, 1066. Akwai siffofin mutane fiye da 600 a jikinsa, ban da dawakai da jiragen ruwa da karnuka, ga kuma rubutun Latin yana bin labarin. Yawancin masana suna ganin Bishof Odo, ɗan'uwan Wiliyam ta wajen uwa, shi ne ya sa aka yi shi ba da daɗewa ba bayan yaƙin, kuma a Ingila aka ɗinka shi. Turawa su kan kira shi da sunan da su ke ba saƙaƙƙen kayan ado na bango, amma ba saƙa ba ce. Aikin allura ne daga farkonsa har ƙarshensa.

Ɗinkin iri biyu ne. Akwai na gefe, wanda a ke fid da siffar doki ko mutum ko harafi da shi. Akwai kuma na cikawa, shi ne mai hikimar. Mai aiki ya kan shimfiɗa zaruruwa kusa da kusa har su rufe wurin, sa'an nan ya gitta waɗansu a kansu da ɗan tazara, sa'an nan ya bi waɗanda ya gitta yana ɗaure su da ƙananan ɗinki. Da haka yawancin ulun ya ke zama a fuskar ƙyallen, kaɗan ne ke ɓacewa a baya, aikin kuma ya yi sauri. Launukan daga itatuwa da ganyaye aka samo su. Shuɗin ya fito daga wani ganye na ƙasashen sanyi, wanda abin da ke cikinsa mai ba da launi daidai ya ke da na baban da a ke zubawa a karofi.

To, a shekarar 1885 wata mata mai suna Elizabeth Wardle ta je Bayeux ta ga ƙyallen, ta komo da niyyar cewa ya kamata Ingila ta sami nata, tun da labarinta ne. Ita ce shugabar wata ƙungiyar mata masu ɗinkin ado a Leek. Mijinta, Thomas Wardle, marini ne sananne, wanda ya yi aiki da William Morris wajen farfaɗo da rini irin na ganyaye. Shi ya rina ulun. Mata 35 suka raba aikin a tsakaninsu, suka gama shi cikin shekara ɗaya da ɗoriya. Aka yi ta yawo da shi ana nunawa a garuruwan Ingila, har Jamus da Amurka. A 1895 wani tsohon magajin garin Reading, Arthur Hill, ya saye shi fam 300 ya ba garin kyauta, yana kuwa gidan kayan tarihi na garin.

Lalle a fara da yabo, gama sun cancanta. Masu ɗinkin farko ba su damu da launin doki na gaskiya ba. Su kan yi doki shuɗi ko kore, su yi ƙafafunsa na can gefe da wani launi dabam don ido ya rarrabe na kusa da na nesa. Hannun mutum ya kan yi girma fiye da kima in ana so a ga abin da ya ke nunawa. Matan Leek kuwa sun tashi a zamanin da a ke son zane mai laushi, mai inuwa, mai kama da hoto. Da sun bi son zuciyarsu da sun gyara ƙafafun dawakan, sun daidaita hannayen, abin ya lalace. Ba su yi ba. Sun danne gwanintarsu sun bi ta waɗansu, wannan kuwa shi ne abu mafi wuya ga gwani. Wanda ya tsaya gaban wurin da dawakan Nomandi suka faɗa wa mayaƙan Ingila, waɗansu suna kifewa ƙafafu sama, zai ga ƙarfin guduwar bai ragu ba a hannunsu.

Amma akwai wani ɗan gajeren wando da ya jawo musu magana shekara da shekaru. A ƙyallen asali akwai wuri guda da ya gagari masana. An ɗinka wata mace mai suna Aelfgyva tana tsaye, wani malamin coci ya miƙa hannu yana taɓa fuskarta, rubutun da ke sama kuwa ya ambaci su biyun ya tsaya, bai faɗi abin da ya faru ba. A bakin ƙyallen ta ƙasa, daidai ƙarƙashinsu, ga wani mutum tsirara ya tsuguna, ya miƙa hannu kamar yadda malamin ya miƙa. Masana da dama suna ganin ishara ce ga wani abin kunya da mutanen lokacin suka sani, wanda ba sai an rubuta ba. A aikin Leek mutumin nan yana sanye da wando. Aka daɗe ana yi wa matan dariya, ana cewa kunya ce ta hana su ɗinka abin da suka gani. Alhali kuwa ba su gan shi ba. Hotuna suka bi, waɗanda gidan kayan tarihi na South Kensington a Landan ya sa aka ɗauka a farkon shekarun 1870. A lokacin hoto ba ya fitowa da launi, sai a bi shi da fenti da hannu, ma'aikatan gidan kuwa su ne suka suturta mutumin a kan hoton. Matan suka ɗinka wandon da aminci, kamar yadda suka ɗinka kome.

Wannan ya wanke su daga zargin farko, amma ya tona wani wanda ya fi shi nauyi. Tsakanin allurarsu da ƙyallen Bayeux akwai mai ɗaukar hoto, akwai mai fenti, akwai wanda ya kwafe zanen a kan sabon lilin. Kowannensu yana iya ƙarawa ko ragewa, mai allura kuwa ba ta da hanyar ganewa. Iyakar amincinta ta isar da kuskuren wani ba tare da ta rage masa kome ba. Wando ƙaramin abu ne, bai kai tafin hannu ba, amma ya rufe abu guda da zai taimaki mai kallo ya fahimci wurin.

Haka kuma zancen kibiya. Kowane ɗan makaranta a Ingila ya ji cewa kibiya ce ta sami Harold a ido, ga shi kuwa a ƙyallen, mutum yana riƙe da ita a fuskarsa. Sai dai ƙyallen ya sha gyara a ƙarni na 19, aka cike wuraren da zare ya zube da sabon ulu. A zanen da aka yi masa wajen 1729, kafin gyaran, abin da ke hannun mutumin ba shi da gashin kibiya, har waɗansu masana suna ganin mashi ne. Ana ma gardama ko shi ne Harold, ko kuwa na kusa da shi wanda mahayi ke sara da takobi. A ƙyallen asali mai ido yana iya rarrabe tsohon zare da na gyara, ya ga ramukan allura na dā. A na Leek duka ya zama zare ɗaya, mai shekaru ɗaya, abin da a ke shakka ya zauna daram kamar tabbatacce.

Duk wanda ya taɓa cinikin babbar riga mai aiki ya san ba a gama duba ta sai an juya cikinta. Can a ke ganin ko mai ɗinkin ya yi ha'inci, da yadda ya ƙulla zare, da inda ya tsaya ya sāke. Ƙyallen Bayeux yana da shafi a bayansa, sai a binciken da aka yi a 1982 da 1983 aka ɗaga shafin aka ɗauki hoton bayan. Aka ga launukan sun fi na gaba haske, domin rana ba ta ci su ba, aka kuma ga hanyar da kowane zare ya bi. Matan Leek sun riga wannan da kusan shekara 100. Fuska suka sani, ita suka kwaikwaya. Masu ɗinka jakunkuna da huluna irin na dā a yau, waɗanda galibi hoto a littafi ko a intanet ne malaminsu, suna tsaye a inda matan nan suka tsaya, ko da ya ke hotunan yanzu sun fi kyau nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu da matan suka ƙara wanda babu shi a ƙyallen asali, shi kuwa ba abin zargi ba ne. Sun sa wani shuɗin baki a ƙasan aikin, kowacce ta ɗinka sunanta a ƙarƙashin rabonta. Masu ɗinkin farko ba a san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Har an daɗe ana jingina aikin ga Matilda, matar Wiliyam, maganar da masana suka watsar. Bambancin da ke tsakanin sunayen nan da wandon nan a fili ya ke. Sunayen suna wajen hoton, suna shaida wa mai kallo cewa wannan kwafi ne, ga waɗanda suka yi shi. Wandon kuwa yana cikin hoton, ya saje da sauran kamar tun 1066 ya ke nan. Mutanen tsibirin Alderney sun bi hanyar farko a 2013. Ƙarshen ƙyallen Bayeux ya yage ya ɓace tun da daɗewa, sai suka taru suka ɗinka ƙarshen da su ke zato, har zuwa naɗin Wiliyam, a kan wani ƙyalle dabam, ba su ce kuma na dā ne ba.

A shekarar 2025 gwamnatin Faransa ta ba da sanarwar cewa za ta ba babban gidan kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan aron ƙyallen asali, daga Satumba 2026 zuwa Yuli 2027, lokacin da a ke gyaran gidansa na Bayeux. Tsakanin Landan da Reading wajen mil 40 ne.