Launi a Kacici-kacicin Gasa: Tarke da Misali daga Ƙasar Kagarko

1.0 Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da boko ya kawo wa Hausa akwai gasar kacici-kacici ta makarantu da gidajen rediyo, inda ake jero wa ɗalibai tambayoyi a kan tarihi da labarin ƙasa da kimiyya da wasanni, a ba da maki ga wanda ya amsa daidai. Wani salo da masu tsara irin wannan gasa suke sha'awa shi ne ɗaure tambayoyi da zare guda, wato launi, ta yadda kowace amsa za ta ƙunshi fari ko baƙi ko ja ko makamantansu. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna salon, ta nuna cewa duk lokacin da aka fassaro tambayoyin daga Ingilishi zaren yakan tsinke, domin kuwa Hausa tana da nata tsarin launi. An ɗauki ƙasar Kagarko a matsayin misali saboda yanayin harsunanta.

2.0 Muhallin Nazari

Kagarko ƙaramar hukuma ce a kudancin Jihar Kaduna, tana maƙwabtaka da Kaciya da Jaba da kuma Babban Birnin Tarayya, Abuja. Mazaunanta sun haɗa da Koro da Gbagyi da Hausawa da Fulani. Kamar yadda abin yake a Kafancan da sauran garuruwan yankin, Hausa ce harshen kasuwa da tasha, ita ce kuma take haɗa mutanen da ba su jin harshen juna. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya mamaye muhallinsa, wanda a wurare irin wannan galibi Hausa ce. Saboda haka ɗalibi da yawa a nan yana rayuwa ne cikin harsuna uku: na gida, da Hausa, da Ingilishi. Idan aka yi masa tambaya da Hausa alhali amsar da aka rubuta a takardar alƙalin gasa ta dogara ga Ingilishi, to harshen da yake tunani da shi aka auna, saninsa kuwa an bar shi a gefe.

3.0 Tsarin Launi a Hausa

Berlin da Kay (1969) sun kawo ra'ayin cewa tushen kalmomin launi a harsunan duniya ba su wuce 11 ba, kuma harsuna suna samunsu ne bi da bi: fari da baƙi tukuna, sannan ja, sannan kore da rawaya, sannan shuɗi, sauran su biyo baya. Ko da yake an yi ta gyara wannan ra'ayi daga baya, Hausa ta ba shi goyon baya ta fuska ɗaya, wato fifikon launuka uku na farko. Ana iya kasa kalmomin launi na Hausa gida uku.

Kashi na farko shi ne fari da baƙi da ja. Su ne suka fi yawan amsa-kama (fari fat, fari tas, baƙi ƙirin, baƙi wuluk, ja wur, ja jir), su ne kuma suka fi shiga harɗaɗɗun kalmomi. Kashi na biyu ya ƙunshi kore da tsanwa da algashi da shuɗi da rawaya, waɗanda wasunsu suke da alaƙa da sana'ar rini: rawaya sunan tsiron da ake rini da saiwarsa ne, shuɗi kuwa dangin aikatau shuɗa ne. Kashi na uku shi ne na kwatance da kalmar ruwa, kamar ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, har da ruwan omo wanda ya shigo tare da garin sabulun kanti. Ƙofar wannan kashi a buɗe take, kowa yana iya ƙirƙiro nasa.

Launuka ukun farko sun zarce abin da ido yake gani. Farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, jan hali da jan aiki, farar hula da farar ƙafa, duk ba su da alaƙa da kalar wani abu. Greenberg (1946) ya nuna yadda Maguzawan Kano suke kasa iskoki zuwa farfaru da babbaƙu, Ryan (1976) ta yi nazarin ma'anonin launi a adabin Hausa, shi kuwa Turner (1967) ya sami irin wannan rukunin uku a tsafe-tsafen Ndembu na ƙasar Zambiya.

4.0 Inda Zaren Yake Tsinkewa

Matsala ta farko ita ce ɓacewar launi wajen fassara. Tekun da ya raba Misira da Saudiyya sunansa na Ingilishi da na Larabci yana ɗauke da ja, amma Bahaushe Bahar Maliya ya sani. Cutar da Bature ya danganta da rawaya, shawara ce a Hausa. Kasuwar da ya kira baƙa, kasuwar bayan fage ce. A ƙwallon ƙafa, inda aka fara amfani da kati a Gasar Kofin Duniya ta 1970 a Meziko, jan kati ya shigo Hausa da launinsa, ɗan'uwansa kuwa ya zama katin gargaɗi. Ɗalibin da aka ce masa kowace amsa tana da launi, sannan ya ba da ɗaya daga cikin waɗannan amsoshi, ya faɗi daidai amma ya karya ƙa'idar gasar.

Ta biyu ita ce saɓanin iyaka tsakanin launuka. Abin da aka rina da baba har ya ƙoshi, irin rawanin ɗan Kura ko aikin marinar Ƙofar Mata a Kano, baƙi ne a wurin Bahaushe, shuɗi ne a wurin Bature. Haka nan ja ya haɗiye abubuwa da yawa waɗanda Ingilishi ya ware musu suna dabam, kamar manja da jar ƙasa da jan ƙarfe. Tambaya a kan tutar Nijeriya, wadda Michael Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959 aka kuma ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba, 1960, tana iya samun amsa kore ko tsanwa ko ruwan ganye, duk kuma daidai ne. Tutar Jamhuriyar Nijar ta fi wahala, domin launinta na sama wani zai ce ruwan goro, wani ruwan lemo, wani ma ya ce ja. Alƙalin da ya riƙe kalma guda a takarda zai kayar da mai gaskiya.

Ta uku ita ce karo da wani tushen ilimi. Idan aka ce a faɗi tekun da ake kira fari, littafin Ingilishi zai nuna wani teku a arewacin Rasha, amma ɗalibin Islamiyya zai iya cewa Bahar Rum, domin sunansa na Larabci yana ɗauke da fari. Duka biyun sani ne.

Ta huɗu ta shafi nahawu. Ja na launi da ja na aikatau rubutunsu ɗaya ne, tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti. Jan hankali da jan ragama ba su da launi ko kaɗan. Jan kunne kuwa baki biyu gare shi: gargaɗi ne idan daga aikatau ya fito, laƙabin Bature ne idan aka ce mai jan kunne. Mai tsara tambaya da bai lura da wannan ba zai cusa baƙo cikin jerin launuka.

5.0 Kwatanci da Kacici-kacicin Gargajiya

Kacici-kacicin gargajiya ma yana amfani da launi, sai dai aikin da yake ba shi dabam ne. Akwai sanannen nan da ake siffanta wani ja da ya faɗo, wani ja kuma ya ɗauke shi, amsar ita ce ɗan giginya da Bafillace. A nan kalma guda ta rufe abubuwa biyu da ba su yi kama ba, nunannen ɗan itace da fatar mutum, kuma sai mai sauraro ya san faɗin ma'anar ja a Hausa kafin ya warware ƙullin. Launin shi ne ƙullin kansa. A tambayoyin gasa kuwa launi ado ne kawai, ana iya cire shi tambayar ta tsaya yadda take. Na gargajiya yana koyar da tunani da sanin harshe, na gasa yana auna hadda. Wannan shi ne babban raunin salon ta fuskar adabi.

Duk da haka salon yana da amfani. Zaren launi yana taimaka wa ɗalibi ya riƙe abubuwa mabambanta, misali haɗuwar Farin Nilu da Shuɗin Nilu a birnin Hartum, inda launin bai ɓace a fassara ba. Gyaran da ake bukata shi ne a gina tambayoyin daga cikin Hausa. Ana iya tambayar wane ma'adini ne ake kira farar wuta, wane ƙarfe ne ja, me ya bambanta farfara da kaura a dangin dawa, ko kuma wane ne farar hula. Irin waɗannan suna haɗa kimiyya da noma da zaman jama'a, kuma yaron Kagarko ko Jere yana jin su a kasuwa da gona, ko da Hausa ba harshen gidansu ba ce.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa launi ba ya ƙetare harshe salin alin: wani lokaci ya ɓace, wani lokaci iyakarsa ta gusa, wani lokaci ya rikiɗe da wata kalma. Ya kamata masu tsara gasa su riƙa tsara tambayoyi da harshen da za a yi gasar, su kuma tanadi dukkan amsoshin da harshen ya yarda da su. Ga manazarta kuwa, akwai fili na kwatanta kalmomin launi na Koro da Gbagyi da Ham da na Hausar da ake yi a kudancin Kaduna, domin a ga abin da kowanne ya ara daga ɗan'uwansa.