Haƙorin tangaran yana cin maƙwabcinsa

Shekara uku ke nan da kawuna ya dawo Giwa Tazo daga wani asibitin kuɗi da fararen haƙora biyu na tangaran a sama. Har daga Jega aka zo yi masa barka. Makon jiya na kai masa kunun aya mai sanyi, kurɓa ɗaya ya yi ya dafe kunci. Na ce, "Kawu, ku buɗe in gani." Na tangaran suna nan fes. Na ƙasa kuwa, nasa na Allah, sun siɗe, samansu ya yi rawaya kamar an bi su da dutsen wasa wuƙa.

Abin ya ƙona min rai, domin babu wanda ya faɗa masa haka za ta faru.

Ɓawon haƙori ya fi komai tauri a jikin mutum, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, kuma kaurinsa bai wuce milimita 2.5 ba ko a inda ya fi kauri. Haƙori da haƙori idan suna gugar juna, abin da ke zaizayewa a shekara bai kai kaurin silin gashi ba. Amma tangaran fa? Ana gasa shi da wani shafe mai ƙyalli a sama. Da likita ya kankare shi don cizo ya daidaita, ko tauna ta cinye shafen, sai kaushin ciki ya bayyana. Daga nan duk loma niƙa ce, kuma haƙorin da ke fuskantarsa shi ne hatsin. Mu kuma ga goro, ga rake, ga kilishi, ga aya. Wasu har cikin barci suna taune haƙora.

Mu da ke maƙwabtaka da Aliero mun saba ganin an kawo mutum da karaya, masu ɗori su ɗaure, ya koma gida da ƙafarsa. Ƙashi yana haɗewa. Ɓawon haƙori idan ya tafi ba ya tsirowa, babu mai ɗorinsa.

Ku samari masu yi wa alhazai dariyar haƙorin Makka, kuna cewa ƙauyanci ne, ku ji: zinariya ta gaske ta fi tangaran laushi, tana lallaɓa haƙorin da take gogawa. Ku da kuke tara kuɗi don a jera muku farare tas irin na Turkiyya da Dubai, a feƙe lafiyayyun haƙora a ɗora musu hula, wa ya ci riba?

Na yarda, wanda haƙorinsa ya fashe yana bukatar hular, kuma sabon samfurin da ake kira zirkoniya, in an goge shi ya yi sulɓi, ɓarnarsa ba ta kai ta tsohon tangaran ba. To amma a goge ɗin! Aikin mintuna ne bayan kankarewa, shi ne ake tsallakewa. Ana nuna maka madubi, ana tambayarka ko farin ya yi, ba a ce ka dawo a duba na ƙasa ba.

Ranar Litinin zan kai Kawu Birnin Kebbi a goge masa tangaran ɗin, a ga abin da ya rage. Ya ce kafin nan in daina kawo masa abu mai sanyi.